Karatu ta intanet: na kyauta, na satifiket ko na digiri, wanne zai fisshe ka?

Wanda ya ƙuduri aniyar ƙaro ilimi ta intanet a yau ba zai rasa wurin karatu ba. Wuraren ma sun yi yawa har sun zama abin ruɗani. Ga laccocin manyan jami'o'i a buɗe ba ko sisi, ga dandamali masu sayar da satifiket mai tambarin Harvard ko Google, ga kuma buɗaɗɗun jami'o'i da ke ba da cikakken digiri ba tare da mutum ya taka aji ba. Dukkansu tallarsu ɗaya: sauƙi, araha, koyi duk lokacin da ka ga dama. Sai dai hajar da ke hannun kowannensu daban ce, kuma yawancin masu yin da-na-sani sun biya kuɗi ne tun ba su tantance abin da suke saye ba.

A ganina, ilimin kansa ya kusa zama kyauta. Da wuya ka nemi darasin lissafi, kimiyyar kwamfuta, tattalin arziki ko tarihi ka rasa mai kyau a buɗe. Abubuwan da ake karɓar kuɗi a kansu uku ne: wanda zai duba aikinka ya ba ka maki, wa'adin da zai tilasta maka zama, da takardar da wani zai gani ya yarda. Idan ka san wanne daga cikin ukun nan kake bukata, rabin zaɓin ya ƙare.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma jimillarsa ake nufi har ranar gamawa, domin farashin wata guda yana yaudara. Na biyu ƙarko: shin bayan shekara biyar darussan na nan a hannunka, takardar kuma tana da daraja? Na uku sauƙi, wanda ya haɗa da data, ƙarfin Turancinka, na'urar da kake da ita da sa'o'in da za ka iya warewa a mako. Na huɗu haɗari, wato ta ina asara za ta iya ɓullowa. Akwai na biyar da ba a cika sa shi a talla ba: wa ke duba aikinka, mutum ne, na'ura ce, ko babu kowa?

Zaɓi na ɗaya: buɗaɗɗun kayan karatu

Wannan shi ne mafi daɗewa a intanet. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta zuba kayan koyarwarta a fili, shirin OpenCourseWare kuma ya fara aiki a 2002. Yau akwai kwasa-kwasai sama da 2,000 a ciki. Idan ka buɗe shafin kwas ɗaya, misali aljabarar da Gilbert Strang ya koyar, za ka tarar da bidiyon laccoci, jerin abin da za a karanta mako-mako, tambayoyin jinga, da tsofaffin jarrabawa tare da amsoshinsu. Ba rajista, ba katin banki, ba wanda zai tambaye ka sunanka. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, ta fi ƙarfi a lissafi da kimiyya na matakin firamare da sakandare, tana kuma da atisayen da na'ura ke dubawa nan take. OpenStax ta jami'ar Rice tana fitar da cikakkun littattafan karatun jami'a da kowa zai iya saukewa. OpenLearn kuma reshen kyauta ne na Open University ta Birtaniya tun 2006.

Ta fuskar kuɗi babu abin cewa, data kawai za ka saya. Ta fuskar ƙarko kuwa wannan zaɓin ya yi wa sauran fintinkau, saboda yawancin kayan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba ka damar saukewa, adanawa, rabawa, har ma da fassarawa bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Abin da ka sauke ya zama naka, ko da shafin ya rufe gobe. Malamin makaranta da ke neman abin da zai koyar da shi, nan ne gidansa. Akwai ma manhajoji irin su Kolibri da aka ƙera don a loda waɗannan darussa a yi amfani da su inda babu intanet sam.

Wahalar tana wurin sauƙi. Babu malamin da za ka tambaya, babu ranar miƙa aiki, kuma a mafi yawansu babu takardar shaida. Kwas ɗin MIT an tsara shi ne don ɗaliban MIT, ba a sassauta shi don kowa ba. Idan tushenka bai yi ƙwari ba, a mako na uku za ka ji ƙasa ta zame maka. Haɗarin a nan lokaci ne kawai: ka yi wata shida kana tsalle daga wannan lacca zuwa waccan, kana jin daɗin kallo, ba ka warware tambaya ko ɗaya da hannunka ba.

Akwai 'yan tsiraru da suka haɗa kyauta da takarda. CS50, gabatarwar kimiyyar kwamfuta ta Harvard da David Malan ke koyarwa, tana ba da satifiket nata na kyauta ga wanda ya ci kashi 70 cikin ɗari a kowace jinga da aikin ƙarshe. freeCodeCamp ma haka, sai ka gina ayyukan da aka ɗora maka kafin ka samu takarda. Ga mai son koyon rubuta manhaja, ban ga dalilin fara biyan kuɗi kafin ya gwada waɗannan biyun ba.

Zaɓi na biyu: manyan dandamalin MOOC

Su ne aka fi ji, kuma a kansu aka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a nan. MOOC na nufin buɗaɗɗen kwas na intanet da ɗimbin mutane ke iya bi a lokaci guda. An fara kiran irin wannan kwas da sunan a 2008, lokacin da George Siemens da Stephen Downes suka buɗe wani darasi na jami'ar Manitoba da ke Kanada ga duk mai so. Amma abin ya fashe ne a 2011, da Sebastian Thrun da Peter Norvig na jami'ar Stanford suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. A 2012 aka ƙaddamar da Udacity, Coursera ta Andrew Ng da Daphne Koller, da edX ta haɗin gwiwar MIT da Harvard. FutureLearn ta biyo baya daga Birtaniya a 2013. A lokacin har ana cewa jami'o'i sun kusa zama tarihi.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wani nazari da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019, kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX, ya nuna kusan rabin masu rajista ba su taɓa buɗe darasin farko ba, waɗanda suka kammala kuwa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 ne da 'yan kai cikin ɗari. Abin lura shi ne, a cikin waɗanda suka biya kuɗin satifiket, kusan rabi sun gama. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa biya yana sa mutum ya dage. Akwai gaskiya a ciki, amma kada a manta cewa mai niyyar gamawa tun farko shi ne ya fi saurin ciro kati.

Tun daga nan dandamalin suka karkata ga sayar da takarda, ƙofar kyauta kuma tana ta ƙanƙancewa. A edX za ka iya bin kwas a matsayin ɗan kallo, amma na ɗan lokaci, kuma ba za a ba ka jingar da ake sa wa maki ba. Satifiket ɗin kwas ɗaya yakan kama daga kimanin dala 50 zuwa 300. Coursera ta fi son biyan wata-wata: a 'yan shekarun nan Coursera Plus tana kan dala 59 a wata ko 399 a shekara, takardun sana'a na Google kuma dala 49 a wata a Amurka, da ragi a wasu ƙasashe. Farashin nan yana sauyawa, a duba kafin a danna. Duka biyun suna da tallafin kuɗi ga marasa hali: ka cika fom, ka bayyana halinka da abin da za ka yi da kwas ɗin, ka jira 'yan kwanaki zuwa kamar mako biyu. Mutane da yawa ba su ma san da shi ba, saboda a shafin rajista maɓallin biya ne babba mai launi, hanyar tallafi ko ta kallo kyauta kuwa 'yar ƙaramar rubutu ce a gefe.

Ga inda biyan wata-wata ke cizo. An rubuta cewa kwas zai ɗauki wata shida idan kana ba shi sa'o'i goma a mako. Aiki ya taso, rashin lafiya ta gifta, wata shida ya zama goma sha ɗaya, kuma kowane wata ana cira ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Haka gwajin kyauta na kwana bakwai: sai ka shigar da kati tukuna, rana ta takwas a zare kuɗi idan ka manta ba ka soke ba.

Wa ke duba aiki? Yawanci na'ura ce, ta hanyar tambayoyin zaɓi. Rubutu kuma 'yan'uwanka ɗalibai ke dubawa, kai ma ka duba nasu. Wani lokaci ka samu mai karantawa da gaske, wani lokaci ka kwana kana rubutu a mayar maka da kalma ɗaya. Farfesan da ke cikin bidiyon bai san da zamanka ba, ƙila ma ya yi shekaru da naɗar laccar.

A kan ƙarko akwai abubuwa biyu. Takardar ba digiri ba ce, kuma yawanci ba ta ƙirguwa a matsayin makin jami'a. Ta nuna ka bi kwas ka gama, shi ke nan. Mai ɗaukar aiki a fannin fasaha zai fi son ganin abin da ka gina. Na biyu, kamfanonin kansu ba su zauna wuri ɗaya ba. An sayar da edX ga kamfanin 2U a 2021 kan dala miliyan 800, shi kuma 2U ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2024. FutureLearn ta koma hannun Global University Systems a 2022, Accenture ta saye Udacity a 2024. Dandamalin suna nan suna aiki, amma duk sabon mai gida yana iya sauya farashi ko ya janye kwas. Siyasa ma tana shigowa: a farkon 2014 Coursera ta rufe wa ɗalibai a Iran, Sudan da Kyuba ƙofa saboda takunkumin Amurka. Don haka duk abin da aka yarda ka sauke, sauke shi, har da satifiket ɗin.

Ta fuskar sauƙi kuwa sun cancanci yabo. Bidiyoyin gajeru ne, akwai rubutun abin da ake faɗa a ƙasa, manhajar waya tana bari a sauke darasi a kalla daga baya, kuma an jera komai mataki-mataki. Sai dai kwas ɗin rubuta manhaja ko nazarin bayanai ba ya yiwuwa da waya kaɗai, dole kwamfuta.

Dandamalin ƙasashe da na wasu harsuna

Waɗannan 'yan'uwan na sama ne, amma yawanci gwamnati, jami'a ko gidauniya ke riƙe da su, don haka ba su da zafin neman riba. Indiya tana da SWAYAM da NPTEL, inda malaman cibiyoyin fasaha na IIT ke koyarwa. Karatun kyauta ne, mai son takarda sai ya biya ɗan kuɗi ya je cibiya ya zauna jarrabawa a gaban masu sa ido. Jinga na ɗaukar kashi 25 na maki, jarrabawar kashi 75. Wannan ya ba takardar nauyi, har jami'o'in Indiya na iya ƙirga ta. Matsalar ga na waje ita ce kusan duk cibiyoyin jarrabawar a Indiya suke. Laccocin injiniyancinsu dai suna YouTube, kuma suna da zurfi. Faransa tana da FUN tun 2013, China tana da XuetangX na jami'ar Tsinghua, sannan Edraak da gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe a 2014 tana koyarwa da Larabci. Wanda Faransancinsa ko Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi, ya fara leƙa nan.

Zaɓi na uku: kasuwar kwasa-kwasai

Udemy ce babba a nan, kuma tsarinta na kasuwa ne: kowa na iya naɗar kwas ya kasa. Ana yawan yin rangwame, kwas ya sauko dala goma sha wani abu, don haka sayen sa a cikakken farashi gaggawa ce kawai. Ka saya sau ɗaya ya zauna a asusunka, kuma akwai damar mayar da kuɗi cikin kwana 30 bisa sharuɗɗa. Takardarta ba ta da wata hukuma a bayanta. Inganci kuwa sa'a ce, sai ka duba ranar da aka sabunta kwas da abin da waɗanda ba su ji daɗi ba suka rubuta. Tana da amfani ga mai son koyon abu guda takamaimai cikin mako biyu, kamar Excel ko gyaran bidiyo.

Zaɓi na huɗu: buɗaɗɗun jami'o'i da digirin intanet

Wannan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta fara koyarwa daga nesa a 1946, ta hanyar wasiƙa. An kafa Open University ta Birtaniya a 1969, ta ɗauki ɗaliban farko a 1971 tana koyarwa ta rediyo da talabijin, kuma har yau yawancin digirinta na farko ba sa bukatar wata takardar shiga. Pakistan ta kafa jami'ar Allama Iqbal a 1974, Indiya ta kafa IGNOU a 1985, Najeriya tana da NOUN, Turkiyya tana da sashen karatu daga nesa na jami'ar Anadolu. Akwai kuma sababbin shiga. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014 kan kusan dala 7,000 gaba ɗaya, ɗan kaso kaɗan na abin da ake biya a harabar jami'ar. University of the People, wadda Shai Reshef ya kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma ana biyan kuɗin jarrabawa sama da dala 100 a kowane kwas, digirin farko kuma kwas 40 ne, sai ka yi lissafi.

A nan ne kuɗi ya fi yawa, kuma a nan ne ake samun duka abubuwa ukun da na ambata: malami mai duba aiki, wa'adi na gaske, da takarda mai daraja. Buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasar da mutum yake zaune kusan kullum ta fi ta waje araha. Ta Birtaniya fam dubbai ake biya a shekara. Ƙarkon digiri ya fi na kowace takarda, ba ya tsufa da sayar da kamfani. Sauƙi kuwa babu shi: shekara uku zuwa shida ana haɗa karatu da aiki da iyali, ga jarrabawa mai sa ido.

Haɗarinsa ma shi ne mafi girma, domin nan 'yan damfara suka fi kafa tarko. Akwai shafuka masu sunaye irin na tsofaffin jami'o'in Turai da ke sayar da digiri cikin 'yan watanni, wasu har da hukumar tantancewa ta bogi da su suka ƙirƙira. Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar da abu biyu: cewa hukumar da gwamnatin ƙasar jami'ar ta amince da ita ce ta tantance ta, da cewa hukumar ilimi ko ƙungiyar sana'a ta inda za ka yi aiki tana karɓar digirin da aka yi daga nesa. Na biyun ne ake yawan mantawa, sai an gama a ji labari. Akwai tsani a tsakani ga mai shakka: shirye-shiryen MicroMasters da MIT ta fara a edX suna ba ka damar yin wani yanki na digiri na biyu da kuɗi kaɗan, wasu jami'o'i kuma su ƙirga maka shi idan suka ɗauke ka.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Mai duba aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Buɗaɗɗun kayan karatu | Data kawai | Abin da ka sauke naka ne | Sai mai horon kai | Kai da kanka, ko na'ura | Ɓata lokaci ba takarda |
| Coursera, edX, FutureLearn | Kallo kyauta mai iyaka. Takarda daga kimanin dala 50 | Matsakaici | An tsara shi sosai | Na'ura da ɗalibai | Cirar wata-wata, janye kwas |
| Dandamalin ƙasashe | Kyauta ko kaɗan | Mai kyau a ƙasarsu | Ya danganta da harshe | Jinga, wasu da jarrabawa | Cibiyar jarrabawa ta yi nisa |
| Udemy | Kaɗan lokacin rangwame | Kwas na zama, yana tsufa | Mafi sauƙi | Kusan babu | Kwas mara inganci |
| Buɗaɗɗiyar jami'a, digirin intanet | Mafi tsada | Mafi ƙarko | Shekaru na dagewa | Malamai | Digirin da ba a karɓa |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin sakandare ko na jami'a da wani darasi ya tsaya masa a wuya, Khan Academy da OpenStax da laccocin MIT ko NPTEL sun ishe shi. Takardarsa daga makarantarsa za ta fito, ba shi da bukatar sayen wata. Malami mai neman kayan koyarwa ma nan zai tsaya, ya dai karanta sharaɗin lasisin kafin ya buga ya raba.

Mai son sauya sana'a zuwa fasahar zamani ya fara da CS50 ko freeCodeCamp na tsawon wata guda. Idan ya ga yana zama ba tare da an tilasta masa ba, sai ya nemi tallafin Coursera ko edX, ko ya biya a watannin da ya san yana da sarari, ya tattara ayyukan da ya gina wuri guda don nunawa. Ma'aikacin da ofishinsa ke ƙirga takardun ƙarin horo ya tambayi ofishin wace suke karɓa kafin ya zaɓi kwas, sannan ya sayi satifiket ɗin kwas ɗaya maimakon rajistar shekara. Mai bukatar ƙwarewa guda cikin gaggawa ya jira rangwamen Udemy.

Wanda ƙarin girma ko ɗaukar aiki ya tsaya masa a kan rashin digiri, tarin satifiket ashirin ba zai buɗe masa wannan ƙofar ba. Ya nufi buɗaɗɗiyar jami'ar da aka tantance, ta ƙasarsa da farko. Mai digirin farko da ke hangen na biyu a waje amma kuɗin tafiya ya gagara, ya gwada MicroMasters ko kwas ɗaya na shirin da yake so, ya ga ko zai iya ɗaukar nauyin na zango guda kafin ya sa hannu a kan na shekara uku. Wanda kuma intanet ɗinsa ba ta da tabbas ya guji duk abin da ake biya wata-wata, ya sauke littattafai da laccoci a duk lokacin da ya samu hanya mai ƙarfi, ya bi su a kan jadawalin da ya rubuta wa kansa.